Eriyar Ɗakin Iyatu

A Aujara masu suna Falalu suna da yawa, shi ya sa ake ce wa wannan Falalu mai eriya. Har yanzu haka ake kiransa, duk da cewa yawancin masu kiran sunan ba su taɓa ganinsa a kan rufin kowa ba. Dogon mutum ne siriri, ya ɗan ranƙwafa, idan zai tashi daga zaune sai ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu.

Gidan manoma ya fito, masu gero da dawa da 'yan awaki. Karatun allo ya yi, bai shiga boko ba. Yana saurayi ya fara zuwa cin rani Kano, a can ya maƙale a rumfar wani mai gyaran rediyo da talabijin. Abin da ke cikin akwatin bai taɓa shiga kansa sosai ba, shi da bakinsa yake faɗa. Abin da hannunsa ya iya shi ne eriya. Sai ya yanka sandunan alminiyam, dogaye a baya gajeru a gaba, ya jera su a kan ƙarfe ɗaya kamar ƙayar kifi, ya ɗaure a kan doguwar gora. Kuma ba ya tsoron hawa sama.

Da aka yanke Jigawa daga Kano, ma'aikata suka kwararo Dutse da iyalansu da kayansu, sai ya dawo kusa da gida. Suka kama rumfa shi da wani abokinsa Idirisu, mutumin Miga. Idirisu ya gyara abin da ya lalace a ciki, Falalu ya hau sama ya kamo hoto. A wancan lokacin akwai unguwannin da in ka ɗaga kai, duk gorar da ka gani a tsaye shi ya kafa ta. Ran Alhamis da yamma yakan hau babur ya koma Aujara, ya yi Juma'a a gida, ya leƙa gona, Asabar da sassafe ya juya.

Matarsa Iyatu 'yar gidan malamai ce a garin, mace mai yawan magana da dariya, tana tuyar ƙosai da safe. Sun yi haihuwa da dama, 'yarsu Zakiyya kaɗai ta rayu. Wani ma'aikaci da ya sayi talabijin mai kala ya bar wa Falalu tsohuwar tasa, ƙarama mai baƙi da fari wadda take aiki da batirin mota. Ya kawo ta gida ya ɗora a kan tebur a ɗakin Iyatu, ya kafa mata eriya a saman soron. Daga nan duk sabuwar eriyar da ya haɗa, a gida yake fara gwada ta, domin Aujara da nisa daga tasha, wadda ta kama a nan za ta kama ko'ina.

Gwajin aikin mutum biyu ne. Shi yana sama yana juya gorar a hankali, ita tana tsaye a bakin ƙofa, ido a kan talabijin, baki a tsakar gida.

"Yaya?" in ji shi.

"Ba komai, sai ruwa." Haka suke kiran ɗigo-ɗigon nan baƙi da fari da ke cika gilashi idan babu hoto.

"Yanzu fa?"

"Mutumin ya fito, amma ba shi da kai. Koma baya kaɗan, Malam. Ka wuce. To tsaya nan, kada ka ƙara motsi, ko tari kada ka yi."

Maƙwabta suna jin su ta kan katanga suna dariya. Da yamma matan unguwa su cika ɗakin su kalli wasan kwaikwayo, Iyatu tana yi musu fashin baƙi kamar da ita aka shirya.

Sana'ar ba rana ɗaya ta mutu ba. Farantan satalayit suka fara bayyana a gidajen manya, daga baya suka yi araha har mai shayi ya saka. Falalu ya gwada koyon ɗaura su. Sai ya tarar aikin yana bukatar karanta ƙananan rubutun Turanci a kan gilashi, idonsa bai gani sosai, in ma ya gani bai san me suke cewa ba. Samari suna gamawa kafin shi ya gama ɗaure tsani. Daga baya kallon ma ya koma cikin wayar hannu. Sai ya yi mako a rumfa babu wanda ya tambaye shi. Wata rana ya tattara filaya da sukudireba da guntayen wayoyinsa a buhu, ya yi wa Idirisu sallama, ya koma gona gaba ɗaya.

Shekara uku da suka wuce, da kaka, Iyatu tana sussukar gero a tsakar gida taɓarya ta suɓuce daga hannunta. Ta sunkuya za ta ɗauka, sai ta bi ta ƙasa. A asibiti a Dutse aka ce hawan jini ne, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Aka sallame su da magunguna. Hannu bai dawo ba, ƙafa ba ta dawo ba, magana ma ta tafi. Abin da ya rage mata sauti ɗaya ne, wani dogon "aa" daga maƙogwaro. Shi ne ruwa, shi ne zafi, shi ne a'a, shi ne zo. Falalu ya koyi rarrabe su gwargwadon iyawarsa, sau da yawa kuma yana kuskure.

Zakiyya tana aure a Buji da ƙananan yara, takan zo ta yi kwanaki ta koma. Maƙwabciyarsu Hassana, wadda mijinta ya rasu, ita ke shigowa da safe ta yi wa Iyatu wanka. Sauran duk Falalu ne. Ya dama kunu, ya ba ta a baki, ya juya ta kada bayanta ya yi gyambo, ya wanke zannuwa ya shanya a bayan ɗaki inda masu shigowa ba za su gani ba.

Abu ɗaya ya rage da Iyatu take jira a yini. Bayan la'asar, idan tasha ta buɗe, sai ya jingina ta da matasai, ya maƙala wayoyin talabijin a batir ya murɗa. Idonta ya kama hoton ya bi shi. Idan ana wasan kwaikwayo, ɓarin bakinta mai lafiya yakan motsa, wani lokaci har kafaɗarta ta girgiza. A lokacin ne kawai take cin abinci sosai. Yana ba ta tana haɗiyewa ba tare da ta lura ba, har kofin ya ƙare. Mijin Zakiyya ya kawo musu ɗan ƙaramin sola na cajin batirin, don haka ko babu wuta ba a fashi.

A farkon daminar bara aka yi wata iska da hantsi, hadari ya haɗo baƙi ƙirin, aka yi ta tsawa. Falalu yana ɗaki yana kare Iyatu daga feshin taga ya ji ƙara a sama. Da ruwa ya ɗauke ya fito, ya tarar gorar ta karye daga tsakiya, eriyar ta faɗo cikin turken awaki. Sandunan sun lanƙwashe, wasu sun ɓalle, wayar ta tsinke tana lilo daga indararo.

Bai damu sosai ba a ranar. Aikinsa ne. Ya ciro buhun nan daga ƙarƙashin gado, ya kife turmi ya zauna, ya riƙa miƙe sandunan ɗaya bayan ɗaya da ƙaramar guduma. Waɗanda suka karye ya maye gurbinsu da tsohuwar sandar labule da ya yanka daidai tsawonsu. Ƙusoshin da waya ke kamawa sun yi tsatsa, ya kankare su da wuƙa har suka yi fari. Wayar irin ta da ce, mai faɗi mai jijiya biyu, rana ta gasa ta har tana farfashewa a hannu. Ya yanke inda ya ruɓe, ya murɗe sauran, ya naɗe da salatif. Doguwar gora irin ta da ba ta samuwa yanzu a garin, sai ya haɗa gajeru biyu da guntun bututun ƙarfe, ya ɗaure da robar tayar babur.

Ya jingina ta da katanga don gwaji, ya kunna. Ruwa kawai. Ya murɗa maɓallin tasha gaba da baya, ko alamar murya babu. Ya duba waya tun daga sama har ƙasa, ya kwance ya sake haɗawa. Washegari ya sake. Ga shuka ta kama, ga Iyatu, ga tashar ba ta buɗewa sai yamma, don haka kowace rana gwaji ɗaya yake samu tsakanin la'asar da magariba.

A kwanakin farko, da la'asar ta yi sai Iyatu ta kafe teburin da ido ta yi sautinta.

"Ana gyara," yake ce mata. "Gobe in sha Allahu."

Ta ƙi kunu, ya lallaɓa, ta sha rabi. Bayan mako biyu ta daina kallon teburin.

Da ya tabbata matsalar ba a sama take ba, ya roƙi Hassana ta zauna da ita yini ɗaya. Ya naɗe talabijin ɗin a bargo, ya ɗora ta a cinya a motar haya har Dutse. Ya fara bin shagunan kayan lantarki yana neman sabuwar waya. Wani saurayi mai shago ya karɓi guntun da ya zo da shi, ya jujjuya.

"Baba, rabona da ganin irin wannan tun ina firamare. Me za ka yi da ita?"

"Eriya zan haɗa."

"Da ka haƙura ka sayi ƙaramin faranti."

"Talabijin ɗin ba za ta ɗauka ba."

"To ita ma ka canza ta."

Falalu ya karɓi guntun wayarsa ya yi godiya.

Ya sami Idirisu a wani lungu bayan kasuwa, a rumfar da ba ta kai rabin tasu ta da ba. Fanka da tocila yake gyarawa yanzu. Gemunsa ya yi fari fat, ya sa tabarau mai kauri. Suka gaisa suka daɗe suna gaisawa. Idirisu ya kwance bayan akwatin, ya kai hanci ya shinshina kafin ma ya duba.

"Tsawa ce ta biyo waya," ya ce. "Ta ƙone ɓangaren da ke kama tasha. Ba a yin irinsa kuma, Malam Falalu."

"Na sani. Ka duba dai."

A bayan rumfar akwai tarin matattun talabijin da masu su ba su dawo ɗauka ba, ƙura da kashin ɓera sun rufe su. Tsofaffin biyu suka tsuguna suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya har azahar ta wuce. A ƙarshe Idirisu ya ciro wani ɗan ƙarfe mai kama da gwangwanin ashana daga wata da gilashinta ya fashe. Ba irinsu ɗaya ba, amma ya ce za a iya tilasta masa. Ya liƙa shi da dalma, sai da ya sake wani wurin. Ya ba Falalu wayar zamani mai zagaye, da wani ɗan abu da ke haɗa ta da ƙusoshi biyun da ke bayan tsohuwar talabijin. Suka jira tasha ta buɗe. Hoto ya fito, dishi-dishi.

"Ka gani," in ji Idirisu. "A nan cikin Dutse ke nan, tasha tana bayan kunnenmu. Talabijin ɗin nan ta yi nauyin ji kamar ni da kai. A Aujara ban yi maka alkawari ba."

"Zan ƙara wa gorar tsawo."

Idirisu yana ɗaure ƙusoshin bayan akwatin ya tambaya, bai ɗago ba. "Mai jikin fa? Tana gane ka?"

"Tana ganewa." Falalu ya ɗauko bargon. "Ina jin tana ganewa."

Idirisu bai karɓi komai a hannunsa ba. Ya rako shi har bakin titi yana riƙe da gefen bargon.

Washegari da sassafe maza biyu na unguwa suka taya shi ɗaga gorar saman soro, suka ɗaure ta da wayoyi ta kusurwoyi, suka wuce gona. Da la'asar ya jingina Iyatu da matasai kamar da, ya kunna talabijin, ya ƙure murya, ya hau tsani.

A sama ya kama gorar ya fuskantar da eriyar wajen Dutse. Ya juya kaɗan, ya saurara. Shuuu kawai. Ya ƙara juyawa, sai ya ji muryar mutum tana fitowa daga ɗakin. Amma ya san murya tana riga hoto zuwa, kuma tana kamawa a wuri mai faɗi, shi kuwa hoto sai an dace da daidai wurinsa. Ya sauko ya leƙa. Ruwa ne, da wata inuwa tana yawo a ciki. Ya koma ya matsa kaɗan, ya sauko. Inuwar ma ta ɓace. Haka ya yi ta hawa da sauka har aka kira magariba, gwiwoyinsa suka kumbura, sallar a zaune ya yi ta.

Kashegari yana sama, hannu a kan gora, sai ya ji sautin Iyatu. Dogo, da ƙarfi, irin wanda ya daɗe bai ji ba. Ya tsaya cak. Bai saki gorar ba, bai ko numfasa da ƙarfi ba. Sautin ya sake zuwa.

"Ya yi?" ya ce da ƙarfi. "Iyatu, nan ne? In tsaya?"

Ya ɗaure gorar a wurin da sauri, ya sauko yana tsallake matakala. Da ya shiga ɗakin, gilashin ruwa ne zalla. Iyatu ta zame daga kan matasan, kanta ya maƙale tsakanin gado da bango, hannunta mai lafiya yana dukan katifa. Zaninta ya jiƙe. Ya ɗago ta, ya gyara mata kwanciya, ya ɗebo ruwa ya canza mata zani. Hawaye yana bin gefen idonta zuwa kunne. Ya kashe talabijin ɗin ya zauna a bakin gadon riƙe da hannunta, ranar bai sake hawa ba.

Daga nan ya roƙi Hassana ta riƙa shigowa da la'asar ta tsaya masa a bakin ƙofa. Ta yarda, amma ba ta san abin da za ta faɗa ba.

"Yaya, Hassana?"

"To, ga wani abu nan, Malam."

"Mutum ne?"

"Kamar mutum. Kamar kuma ba mutum ba."

"Ya fi na ɗazu ko bai kai ba?"

"Wallahi ban sani ba."

Sun yi yammaci da dama a haka. Ran nan dai, bayan an yi ruwa sama ta washe, ya ji ta ce, "Malam, ga mutum sosai, har da hula." Ya ɗaure gorar tamau ya sauko a hankali. Gaskiya ne. Wani mutum ne yake karanta labarai, hoton yana rawa, ɗigo-ɗigo na bin fuskarsa, amma ana gane shi. Falalu ya tsaya yana kallo yana haki.

Iyatu ta juya fuskarta bango. Ya zagaya ya tallafo kanta, ya juyo da ita, ya ƙara matashi.

"Iyatu, ga shi ya dawo. Duba."

Idonta a buɗe yake, yana kan gilashin, amma ba ya bin komai. Aka gama labarai aka sa kiɗa. Ya kawo kunu ya kai cokali bakinta, ta bar shi ya zubo ta gefe. Can ta lumshe ido.

"Wataƙila ta gaji ne," in ji Hassana. "Gobe za ta kalla."

Ranar wasan kwaikwayo ya kunna tun kafin a fara. Ya zauna kusa da ita yana faɗa mata abin da ake yi, kamar yadda ita take yi wa mata a da, sai dai shi bai iya ba, yana rikita sunayen. Ba ta duba ba. Ya gwada kwana da kwanaki. Wata rana idon zai tsaya a kan hoton na ɗan lokaci har ransa ya fara sanyi, sai ya ga ashe bangon bayan teburin take kallo.

Zakiyya ta zo ta ga yadda uwarta ta rame, ta ɗaga rigarta ta ga gyambon da ya fara fitowa a ƙugu duk da juyin da ake yi mata. Ta fita tsakar gida ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta dawo ta durƙusa a gaban mahaifinta.

"Baba, zan tafi da Inna. Can akwai masu taya ni, asibiti ma ya fi kusa."

"Na gyara mata talabijin ɗin," ya ce. "Jiya ma ta kama sosai."

"Akwai a can, Baba. Babba, mai kala."

Aka samo motar da za ta kai su Buji. Shi ya ɗauko ta da kansa zuwa motar, ba ta da nauyi ko kaɗan. Ya gyara mata ɗankwali, ya sa ledar magungunanta a gefenta, ya gaya wa Zakiyya wane sauti ne ruwa, wane ne a juya ta. Ya ce zai biyo su idan ya gama noman farko.

A Buji an kwantar da ita a gaban babbar talabijin ɗin, jikokinta suna ta canza mata tasha. Zakiyya ta ce ko sau ɗaya ba ta kalla ba. Falalu ya je ya gan ta sau biyu. Cikin marka, wata Talata da hantsi, aka kira wayar wani maƙwabci aka ce a gaya masa. Ruwa ya ɓata hanya, motar ta yi ta tsayawa, da ya isa har an yi mata sutura ana jiransa a ƙofar gida. Ya bi sahu aka yi salla, aka kai ta.

Bayan addu'ar bakwai ya koma Aujara. Gonar da ya bari lokacin da yake fama da gora ciyawa ta riga ta cinye ta, geron da ya samu bai cika rabin rumbu ba. Saman soron, inda ya yi ta takawa da damina, ya tsage ya fara yoyo, sai ya kwashe shimfiɗarsa ya koma zaure. Masu sayen gwangwan sun tsaya sau da yawa suna tambayar ko zai sayar da alminiyam ɗin da ke sama, yana ce musu su dawo wani lokaci.

Zakiyya da mijinta sun yi ta roƙonsa ya koma Buji. Ya ce sai bayan kaka. Kaka ta wuce, ya ce sai hunturu ya wuce, yanzu ga wata daminar ta kusa. Awakin ya ba Hassana kiwo, tunda ba ya iya yankar musu ciyawa. Ita ke aiko masa da tuwo da yamma. Wata rana kwanon ya koma a wanke, wata rana ya koma yadda ya zo.